Tarihin Awon Yara da Shaidar Iyaye

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin shan magani ranar awo, ya ga yadda malamar asibiti ke tambayar uwa nauyin ɗanta, uwar ta amsa da iyakar saninta, sa'an nan malamar ta saka yaron cikin ɗan wandon nan ta rataya shi ga sikeli kamar ba ta ji amsar ba, zai iya zaton wannan al'ada daɗaɗɗa ce, alhali kuwa ko a Turai ba ta yi nisa ainun ba, balle a ƙasar Hausa.

Kakanninmu ba jahilan mizani ba ne. Suna auna hatsi da mudu, zinariya da miskali, sawaye da kamu, igiyar rijiya da gaba. Amma ɗan Adam ba ya cikin abin da ake ɗora wa ma'auni. Abin da ake aunawa na jikin jariri shi ne gashin kansa, domin malaman fiƙihu sun ce mustahabbi ne a aske shi ran suna a yi sadaka da nauyinsa na azurfa ko zinariya. Girman yaro kuwa da ido ake saninsa, da bayan da ke goya shi, da zaren da aka ɗaura masa a ƙugu, wanda in ya matse an san ya yi ƙiba, in ya yi sako-sako an san ya rame. Kuma ko uwa ta sani ba lalle ta faɗa ba, saboda kunya ta hana ta yabon ɗanta, musamman ɗan fari, tsoron baki kuma ya hana ta cewa ya yi nauyi a gaban baƙo. Har lokacin da aka buɗe makarantun boko, sau da yawa ba a dogara da maganar uba a kan shekarun yaro ba, sai a ce ya ɗora hannu bisa kansa ya kamo kunnen ɗaya gefen. In ya kai, ya isa shiga aji.

Abin mamaki, lissafi mafi daɗewa da masana ke da shi na tsawon yaro guda tun daga haihuwa har balaga, uba ne ya rubuta shi. Wani Bafaranshe, Montbeillard, ya riƙa auna ɗansa kusan kowane wata shida daga 1759 zuwa 1777, abokinsa Buffon ya buga adadin cikin littafinsa na tarihin halittu, kuma har yau ana kafa hujja da shi wajen nuna yadda tsawo ke zabura lokacin balaga. Amma da aikin ya zama na hukuma sai ya fita daga hannun iyaye. A 1892 likita Pierre Budin ya buɗe wurin duba jarirai a Paris, inda ake auna su a kai a kai, wasu ƙasashe suka kwaikwaya, sikeli ya zama alƙali, maganar uwa ta koma riwaya wadda ba a karɓa sai da shaida.

Babi mafi muhimmanci na wannan tarihi a Nijeriya aka rubuta shi. David Morley, likitan yara daga Ingila, ya zo a 1956, ya yi aiki a Imesi-Ile da asibitin mishan na Ilesha a ƙasar Yarabawa, inda ya lura cewa yaron da nauyinsa ya tsaya wata biyu ko uku, ko da bai kwanta ba, yana kan hanyar tamowa, kuma ƙyanda ko gudawa na iya ƙarasa shi. Daga nan ya tsara katin awo mai layuka masu hawa, wanda ake ɗiga nauyin kowane wata a kansa, ya kuma yi abin da ba a saba ba, wato ya bar katin a hannun uwa maimakon a kulle shi a asibiti. Wannan kati ya zaga duniya, har a 1982 hukumar UNICEF ta sa awon yara cikin ginshiƙai huɗu na ceton rayukansu, tare da ruwan gishiri da sukari, da shayar da nono, da rigakafi. A 2006 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon ma'auni da aka gina kan yaran ƙasashe shida, Brazil, Gana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, wanda ya nuna cewa ƙananan yara, in sun sami nono da kulawa, girmansu kusan ɗaya ne ko wace ƙabila suka fito.

To, mene ne hukuncin shaidar iyaye? Masu bincike a Turai da Amurka, da yake auna dubban yara na da tsada, sun daɗe suna tambayar iyaye ta takarda ko ta waya, sa'an nan wasu suka gwada amsoshin da awo na haƙiƙa. Abin da ya bayyana shi ne kuskuren ba na ganganci ba ne, yana da fuska sananniya: iyaye kan faɗi tsawon da aka auna watanni da suka wuce, alhali yaron ya ƙaru, sukan cike adadi ya zama dunƙulalle, kuma sukan rage nauyin yaro mai ƙiba, har wani nazari da ya tattara bincike masu yawa a 2014 ya samu kimanin rabin iyayen yara masu ƙiba ba su ɗauke su masu ƙiba ba. Ƙaramin kuskure a tsawo kuwa yakan zama babba a lissafin ƙiba, domin ana ninka tsawon da kansa kafin a raba nauyi da shi. Duk da haka, a ɗakin gaggawa, inda ake bukatar nauyi don ƙayyade magani kuma babu halin awo, an sha samun ƙiyasin uwa ya fi na likita kusa da gaskiya. A ganina wannan ya isa ya nuna cewa illar tana ga tambayar: an nemi adadi daga wanda ba a ba shi ma'auni ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan haka daga ƙasar Damagaram ta fito. Tun cikin shekarun 1970 likita Adnan Shakir na Bagadaza ya yaɗa awon damtse da ɗan zare mai launi uku, bisa dalilin cewa kaurin damtsen yaro ba ya sauyawa sosai tsakanin shekara ɗaya da biyar, don haka ba a bukatar sanin ranar haihuwa, kuma ba a bukatar iya karatu. A yau ja shi ne ƙasa da milimita 115, alamar tamowa mai tsanani, rawaya daga nan zuwa 125, kore kuwa lafiya. Bayan yunwar 2005, wadda ta cika cibiyoyin Maraɗi da yara ramammu, aka ga cewa asara mai yawa daga jinkirin kawo yaro take. Saboda haka ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka yi gwaji a gundumar Mirya ta ƙasar Damagaram a 2013 da 2014: a yankin Dogo suka koya wa mata fiye da 12,000 awon damtsen 'ya'yansu, a Takieta kuwa suka bar aikin ga ma'aikatan sa-kai kamar yadda aka saba. Awon matan bai gaza na ma'aikatan ba, yaran Dogo sun fi isowa da wuri, kaɗan ne cikinsu suka bukaci kwanciya a asibiti, kuma kuɗin da aka kashe ya fi sauƙi ƙwarai. Lokacin annobar korona a 2020, da aka taƙaita taron jama'a da shiga gidaje, ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya suka ɗauki wannan hanya, suka raba wa iyaye zaren awon su ajiye a ɗaka.