Jar Ƙasa Tana Ƙarƙashin Ƙafa, Me Ya Sa Ake Gudun Ta?

A watan Afrilu, sa'ad da zafin bazara ke haura digiri 40 a Yamai ko Sakkwato, ɗakin bulo mai rufin kwano kan koma tanda da tsakar rana. Mai shi na bin inuwar bango yana fifita, maƙwabcinsa mai soron ƙasa kuwa yana ciki yana ƙailula. Duk da haka, ranar da mai soron ya samu kuɗi, abin da zai fara yi shi ne ya rushe soron ya kira birkila.

Masana'antar siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar carbon da duniya ke fitarwa, shi ya sa ake kiran ƙasashe masu tasowa su rungumi ginin da ba ya cutar da muhalli. Masu nazari kan jera dalilan da suka hana hakan, kamar tsada da ƙarancin ƙwararru da rashin doka, kai ka ce fasahar kaya ce da sai an yi odarta daga Turai. A yankin Sahel ba haka abin yake ba. Mafi ingancin kayan wannan gini, wato jar ƙasa, yana nan ƙarƙashin ƙafa. Abin da ya tare hanya shi ne daraja, da kuma yadda talaka ke tara kuɗin gininsa.

Labarin mai zanen gine-gine Francis Kéré ya isa shaida a kan batun daraja. Da ya dawo daga Jamus, inda yake karatu, don ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando, a Burkina Faso, mutanen garin sun yi sanyin gwiwa da jin cewa da laka zai yi ginin. Yaro ya je har Turai ya dawo musu da abin da suke neman tsira daga gare shi? Ya matse ƙasar ya yi tubali mai ɗan gaurayen siminti, ya ɗaga rufin kwano sama da silin ɗin ƙasa yadda iska mai zafi za ta samu mafita. An gama makarantar a 2001, ta ci kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker ta zanen gine-gine. Ƙauyukan da ke kewaye da Gando dai ba su daina burin bulo da kwano ba.

Kuskure ne a kira wannan jahilci. Gidan ƙasa na son hidima: yaɓe kafin damina, gyaran indararo, toshe tsaga kafin ruwa ya same ta. Da can gayya ke ɗauke wannan nauyi, makuba na samuwa daga kwasfar ɗorawa, azara kuma daga giginya. Yau giginya ta yi ƙaranci, matasan gida sun tafi ci-rani, ɗan haya kuma ba ya yi wa gidan wani yaɓe. Mutane sun ga wani sashe na tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin magini Babban Gwani tun ƙarni na 19, ya rufta kan masallata a Agustan 2023. Sun ga mamakon ruwan 2024 ya kayar da tsohon masallacin Damagaram. Wanda ya taɓa kwana a zaune yana sauraron bango na jiƙewa ba ya bukatar lacca kan sauyin yanayi.

Injiniyoyi sun riga sun samo maganin yawancin wannan: tushe na dutse ko kankare, rufi mai faɗin baki, da tubalin da inji ya matse. Mai zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta sun gwada hakan a gidajen Niamey 2000, waɗanda aka kammala a 2016 don masu matsakaicin ƙarfi. A Dandaji ta jihar Tawa, ita da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da matsattsen tubali. Abin dariya, gidauniyar da ta karrama aikin na Dandaji ta kamfanin siminti ce, Holcim.

To, ina gizo ke saƙar? A wajen kuɗi, amma ba ta fuskar da aka saba faɗa ba. Yawancin gidajen birane a nan ba da bashin banki ake gina su ba. Ƙaramin ma'aikaci kan sayi bulo ɗari a ƙarshen wannan wata, ɗari biyu bayan sallah, ya jibge su a filinsa. Ruwa ya dake su shekara uku, suna nan. Bulo asusu ne da ɓarawo ba ya ɗauka a aljihu, kuma kowace unguwa na da mai buga shi da birkilan da ya iya jera shi. Matsattsen tubali kuwa yana son a gwada ƙasar, a yi hayar inji, a samo maginin da aka horar, a kuma yi rufi kafin damina ta faɗi. Wato yana son kuɗi a dunƙule, wanda shi ne abin da mai ginin ba shi da shi. Ko da buhun siminti ya haura naira 10,000 a Najeriya a farkon 2024, mutane jinkirta gini suka yi, ba su koma ƙasa ba.

Ƙungiyar Voûte Nubienne, wadda wani magini Bafaranshe, Thomas Granier, da wani manomi ɗan Burkina, Séri Youlou, suka kafa a 2000, ta gane bakin zaren. Rufinta na baka ne, da tubalin laka zalla, babu azara babu kwano, kuma ƙarfinta ta zuba wajen horar da magina a ƙauyuka domin sana'ar ta ciyar da mai ita. Inda magini ke kusa, masu son ginin na samuwa.

Hukuma ce ta fi kowa jan ƙafa. Najeriya ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine a 2017, amma amincewa da zanen gida a hannun jihohi yake, kuma ƙa'idar da ba a tilasta ba takarda ce kawai. Jami'o'i na yaye injiniyoyin da suka ƙware a lissafin rodi da kankare, kaɗan ne cikinsu suka taɓa zama gaban Sarkin Magina su ga yadda ake ɗaurin guga. Gwamnatocin da ke halartar tarukan sauyin yanayi su ne kuma manyan masu ba da kwangilar ajujuwa da asibitocin karkara, kusan duka da bulo da kwano. Muddin sakatariyar ƙaramar hukuma da gidan attajirin gari na siminti ne, mai neman aure zai ci gaba da jin tambayar da dangin yarinya ke yi a kaikaice: gidan nasa na bulo ne ko na ƙasa?