Sa hannun na'ura a takardun shugaban ƙasa: me doka ta ce?

Tun watan Maris na 2025, da Shugaba Donald Trump ya ce afuwar da Joe Biden ya yi wa wasu mutane ba ta da inganci saboda da na'ura aka sa mata hannu, ake muhawara kan otofen, wato na'urar da ke riƙe alƙalami ta zana sa hannun mutum kamar shi ya yi. A Amurka al'adar ta daɗe. A 2005 ma'aikatar shari'ar ƙasar ta ba da ra'ayin cewa shugaba na iya umartar a sa hannunsa a kan ƙuduri, muddin shi da kansa ya yanke shawarar amincewa. Barack Obama ne ya fara amfani da wannan dama a watan Mayun 2011, yana Faransa.

Najeriya ta taɓa shiga irin wannan ruɗani, kodayake zargin da aka yi a lokacin na jabun sa hannu ne. A ranar 23 ga Nuwamban 2009 aka tafi da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa jinya Jidda, bai kuwa miƙa mulki ga mataimakinsa ba. A ƙarshen Disamba aka sanar cewa babban sakatarensa, David Edevbie, ya kai masa ƙarin kasafin kuɗi na naira biliyan 353.6 har asibiti, ya kuma sa hannu. 'Yan adawa suka ƙi gamsuwa, domin jama'a ba su ga shugaban ba tun tafiyarsa. Sa hannu dai ga shi a takarda. Abin da ake son sani shi ne ko mai shi yana cikin halin fahimtar abin da aka ajiye a gabansa. Dambarwar ta ci gaba har 9 ga Fabrairun 2010, lokacin da Majalisar Tarayya ta ɗora Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi bisa hujjar larura. Daga baya aka gyara sashe na 145 na kundin tsarin mulki domin toshe wannan giɓi.

Sashe na 58 na kundin 1999 ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya nuna ya amince da ƙuduri ko bai amince ba, sashe na 59 kuma ya yi irin wannan tanadi kan ƙudurorin kuɗi. Kundin bai fayyace da wane irin alƙalami za a yi ba. Abin da ya rataya a wuyan shugaban shi ne amincewar, wadda ba aikin hadimi ba ce.

Dokar shaida ta 2011, a sashe na 93, ta karɓi sa hannun lantarki a inda ƙa'idar shaida ta buƙaci sa hannu, gyaran 2023 kuma ya faɗaɗa wannan. Sai dai dokar laifukan intanet ta 2015 ta ware wasu takardu, irin su wasiyya da shaidar haihuwa da ta mutuwa. Waɗannan dokoki kan shaida a kotu da mu'amala suke magana, don haka kuskure ne a ɗauka sun warware batun amincewar shugaban ƙasa.

Sa hannu ba da izini ba kuwa jabu ne, da hannu aka yi shi ko da na'ura. A Fabrairun 2024, a shari'ar tsohon gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele, tsohon sakataren gwamnatin tarayya Boss Mustapha ya shaida wa kotu a Abuja cewa wasiƙar da aka fitar da dala miliyan 6.23 da ita, mai ɗauke da sa hannun da aka danganta wa Shugaba Muhammadu Buhari, ba daga shugaban ta fito ba. Emefiele ya musanta tuhumar da ake masa.