Yadda na'urori ke gane aikin da mutum yake yi

Haɗa bayanan na'urori wata dabara ce ta gane abin da mutum yake yi ba tare da an sa masa ido ba.

Wayar salula ta zamani tana ɗauke da na'urar auna motsi, da ta auna juyawa, da kuma GPS mai nuna wuri. Kowacce ita kaɗai tana iya ruɗuwa. Wayar da ke aljihun manomin da ke noma a Ɗambatta da ta wanda ke kan babur a hanya mai gargada duk jijjiga suke yi, sai an dubi saurin tafiya kafin a bambance su.

Jihar Kano ta ga irin wannan aiki a yaƙi da cutar shan inna. Tun daga wajajen shekarar 2012 aka riƙa bai wa masu allurar rigakafi wayoyi da ke adana inda suke duk bayan minti biyu.

Daga nan sai a ɗora sawunsu a kan taswirar da aka zana daga hotunan tauraron ɗan'adam, a cire wuraren da saurin ya nuna a mota ko babur suke. Wannan na da muhimmanci a yankuna irin su Bichi da Kunci, inda gidaje ke warwatse cikin gonaki, kuma tsallake unguwa guda ba wuya.

Sai dai wayar ba ta iya tabbatar da cewa an ɗiga wa yaro maganin. Don haka masu sa ido suka ci gaba da duba tawadar da ake shafa wa yara a ɗan yatsa.