Lauje a Cikin Jini: Hujjar Juyin Halitta Daga Adogi

Da zarar an ambaci juyin halitta a makarantunmu, sai muhawara ta maƙale a kan biri, kowa ya ja daga, a tashi baram-baram. A ganina an faro zancen daga inda bai dace ba. Jigon abin da Charles Darwin ya kawo a 1859 shi ne: 'ya'ya na gadon siffofin iyaye, siffofin sun bambanta, muhalli kuma yana tankaɗe su har mai jurewa ya fi yawa. Wannan da'awa ce da ake iya gwadawa, kuma mutumin Adogi, a ƙasar Lafiya, ba sai ya haye teku ba.

A ɗauko takardar gwajin jinin da ake nema kafin ɗaurin aure. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Gadon da ke kashe yara idan ya haɗu ya zama SS, wato sikila, ya kamata a ce ya ƙare tun kaka da kakanni. Me ya raya shi? A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai AS ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A 1957 Vernon Ingram ya gano cewa bambancin gaba ɗaya tubali guda ne a sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. Shi ke lanƙwashe ƙwayar jini ta koma kamar lauje. A ƙasar Lafiya, inda ruwan damina ke kwanciya a fadamun shinkafa da tsakanin kunyoyin doya, sauro ne rariyar. Uwar da ke raba dare tana gasa wa ɗanta mai sikila ƙafa da tsumma da ruwan ɗumi, ita ke biyan farashin kariyar da 'yan uwansa AS suka samu. Abin yana sosa mini rai, amma hujja ce da ba ta kau da kai.

Sai klorokwin, maganin zazzaɓin cizon sauro da ya daina ci. A bakin kemis za ka ji ana cewa “jikina ne ya saba da shi.” Ba jiki ba ne. Maganin ya kashe ƙwayoyin cutar masu rauni, masu taurin kai suka hayayyafa, har Najeriya ta sauya magani a 2005. Malawi ta ba mu gwajin a juye: ta janye klorokwin a 1993, ƙwayoyin masu bijirewa suka ja baya, bayan shekara goma sha biyu aka gwada aka tarar yana ci kamar da. Bayanin “sabo” ba ya hango haka. Bayanin tankaɗe ya hango.

Mai suka zai ce ai ƙwayar cuta ba ta rikiɗe ta zama wata halitta ba. Gaskiyarsa, 'yan shekarun klorokwin ba su isa ba. Shaidar dogon zango tana cikin duwatsu. Kwarin Binuwai, wanda Lafiya ke cikinsa, yana ɗauke da ɓawon dodon koɗin teku da babu irinsa a raye. A Gadufawa ta Nijar an tono wani ɗan uwan kada mai shekara kusan miliyan 110, ƙoƙon kansa ya haura mita ɗaya da rabi. A wannan shimfiɗar dutsen ba a taɓa samun ƙashin saniya ko na jaki ba. Su sai a shimfiɗun da suka zo can baya.