Disco Dancer: Faifan waƙoƙin da ya kai kiɗan disko inda Amurka ta kasa kai shi

A watan Disamban 1982 aka fara haska fim ɗin Disco Dancer a gidajen silima na Indiya. Daraktansa, Babbar Subhash, ba ya cikin manyan da ake ji da su a Bombay a lokacin. Jarumin fim ɗin, Mithun Chakraborty, ya riga ya ci lambar gwarzon ɗan wasa ta ƙasa da fim ɗinsa na farko, Mrigayaa na 1976, amma a wajen tara 'yan kallo bai kamo ƙafar su Amitabh Bachchan ba. Labarin ma ba sabo ba ne: ɗan talaka ne da mai kuɗi ya wulaƙanta mahaifiyarsa, ya girma ya rama. Abin da ya fitar da fim ɗin daga sahun sa'o'insa shi ne waƙoƙin da Bappi Lahiri ya tsara masa, waɗanda suka ratsa Tarayyar Sobiyet da ƙasar Sin da Gabas ta Tsakiya da Afirka.

Kiɗan da aka yar a gidansu

An haifi disko a gidajen rawa na birnin New York a farkon shekarun 1970, galibi a hannun baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka. Alamarsa ita ce babbar ganga mai bugu huɗu daidai wa daida, ba ta sauri ba ta jinkiri, yadda mai rawa ba zai ɓata taku ba. Ya kai ƙololuwa a 1977 da fim ɗin Saturday Night Fever na John Travolta, wanda waƙoƙin 'yan Bee Gees suka cika faifansa. Shekara biyu bayan haka sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A daren 12 ga Yulin 1979, a filin wasa na Comiskey Park da ke Shikago, wani ma'aikacin rediyo mai suna Steve Dahl ya jagoranci tarwatsa tulin faya-fayan disko da nakiya a gaban dubban masoya kiɗan rok. Jama'a suka ɓarke cikin fili har aka fasa na biyu daga cikin wasannin ƙwallo biyu da aka shirya a daren. Daga nan gidajen rediyo da kamfanonin faifai na Amurka suka soma ja da baya.

A daidai wannan lokaci ne Indiya ke buɗe masa ƙofa. A 1980 Feroz Khan ya saka waƙar “Aap Jaisa Koi” a fim ɗinsa Qurbani. Wata yarinya 'yar Pakistan mai shekara 15, Nazia Hassan, ce ta rera ta, Biddu, Ba'indiye mazaunin Landan, ya yi mata kiɗa. A 1981 Nazia da ɗan'uwanta Zoheb suka fitar da faifan Disco Deewane, wanda ya yi kasuwa har wajen Indiya. Furodusoshin Bombay suka farga cewa samari na neman abin da za su taka rawa da shi.

Bappi da mawaƙansa

Sunan Bappi na yanka Alokesh Lahiri, an haife shi a 1952 a jihar Bengal ta Yamma. Uwa da uba duka mawaƙa ne, kuma fitaccen mawaƙin nan Kishore Kumar kawunsa ne ta wajen uwa. Tun yana ɗan shekara 3 ya fara buga tabla, tagwayen gangunan nan na Indiya. Ya yi suna da waƙoƙin Zakhmee a 1975 da Chalte Chalte a 1976, kuma ya fara aiki tare da Mithun tun a Surakksha na 1979. Jama'a sun fi gane shi da sarƙoƙin zinare da baƙin tabarau, amma masu sana'ar sun san shi da saurin hannu: a 1986 littafin Guinness ya shigar da shi a kan naɗar waƙoƙi sama da 180 na finafinai 33 a shekara guda.

A wancan zamanin kusan duk waƙar mace a fim ɗin Indiya ko dai Lata Mangeshkar ce ko ƙanwarta Asha Bhosle. Bappi ya bi wata hanya dabam. Babbar waƙar Disco Dancer, mai ɗauke da sunan fim ɗin, ya ba Vijay Benedict, wanda ba kowa ya san shi ba a lokacin, kuma daga baya ya bar harkar fim ya koma waƙoƙin coci. “Jimmy Jimmy” ya ba Parvati Khan, haifaffiyar tsibirin Tirinidad. “Auva Auva” kuwa ya rera ta tare da Usha Uthup, mai kaurin murya, wadda ta yi suna a gidajen rawa na Kalkata. Kishore Kumar ya yi guda ɗaya, Nandu Bhende ya yi wadda ke kiran ubangijin Hindu Krishna, shi kuma Bappi ya riƙe “Yaad Aa Raha Hai” wa kansa. Anjaan da Faruk Kaiser ne suka rubuta baitoci.

Sabon abu a faifan shi ne rage dogaro da babbar tawagar masu goge da sarewa da aka saba tarawa a ɗakin naɗar sauti. Bappi ya jingina da fiyanon lantarki da na'urar da ke buga ganga da kanta, ya ɗora muryoyi a kai. “Yaad Aa Raha Hai” ce ta fi nuna haka, don kiɗanta kusan duk na na'ura ne, ga sauri, ga ƙarancin kayan ado.

Waƙa a cikin labari

Wanda ya ji faifan bai kalli fim ɗin ba zai ɗauka biki ne daga farko har ƙarshe, alhali rabinsa kuka ne. Yaro Anil yana waƙar bara a titunan Bombay tare da kawunsa Raju, wanda Rajesh Khanna ya fito a matsayinsa. Attajiri Oberoi ya yi masa ƙazafin sata, uwar ta ɗauki laifin aka ɗaure ta, daga baya gorin unguwa ya kore su zuwa Goa. Can ne manaja David Brown, wato Om Puri, ya hango shi yana tafe yana rawa a bakin titi, ya raɗa masa suna Jimmy, ya sa shi ya ture ɗan Oberoi daga kan gadon sarautar disko. Maƙiya suka jona wa jitarsa wutar lantarki, uwar ta riga shi taɓawa, ta mutu a gabansa. Daga ranar ko ganin jita ba ya iya yi.

A nan “Jimmy Jimmy” ta shigo. Budurwarsa ce ke kiran sa a kan dandamali ya taso ya yi waƙa, shi kuwa yana tsaye kamar an dasa shi. Gangar ta gidan rawa ce, amma abin da ke kanta lallashin maraya ne. Wannan haɗin shi ne sirrin faifan, kuma shi ne abin da diskon Amurka bai taɓa ɗauka ba: uwa, talauci, cin mutunci da ramuwa.

Batun aro

Masu suka ba su raga wa Bappi ba, kuma suna da hujja. Karin “Jimmy Jimmy” ya yi kama ƙwarai da “T'es OK” ta ƙungiyar Ottawan ta Faransa, wadda ta fito a 1980. “Auva Auva” kuwa duk wanda ya san “Video Killed the Radio Star” ta 'yan Buggles na Ingila, ta 1979, zai gane inda aka ɗebo ta. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara, sai dai a nan aron ya zarce mai kayan nisa: a ƙasashe da dama miliyoyin mutane sun san ta Bappi, ba su taɓa jin ta Ottawan ba.

Tarayyar Sobiyet ce babbar shaida. Tun zuwan Awaara na Raj Kapoor a 1954 mutanen can suka saba da finafinan Indiya, gwamnati kuma tana shigo da su a sauƙaƙe saboda ƙawancenta da Indiya, yayin da take taƙaita na Amurka. Da aka saki Disco Dancer a can a 1984, an sayar da tikiti sama da miliyan 60, ya zama fim ɗin da aka fi kallo a ƙasar a shekarar. Da wannan ciniki ne ake lissafa shi a matsayin fim ɗin Indiya na farko da ya tara rupi biliyan 1 a duniya.

A ƙasar Hausa ma ya tarar da hanya a share. Tun shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima ke kawo finafinan Indiya, kuma 'yan kallo a Kano da Kaduna da Jos da Zariya sun daɗe da sabawa da labarin da waƙa ke ɗauke da shi. Masana irin su Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu a kan yadda Hausawa suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin Indiya suna ɗora nasu baitocin, har da masu bege da mandiri a Kano. Da finafinan Hausa suka kafu a shekarun 1990, fiyanon lantarki ne ya zama ƙashin bayan waƙoƙinsu, hanyar da irin su Bappi suka riga suka bi a Bombay.

Mai aro ya zama mai ba da aro

A 2002 wata waƙar Amurka mai suna “Addictive”, ta mawaƙiya Truth Hurts a kamfanin Dr. Dre, ta ɗauki yanki daga wata waƙar da Bappi ya tsara wa Lata Mangeshkar a fim ɗin Jyoti na 1981, ba izini ba ambato. Bappi ya kai ƙara a Amurka, kuma a 2003 kotu ta hana ci gaba da sayar da ita sai an sa sunansa. Ita ma “Jimmy Jimmy” ta shiga hannu: mawaƙiyar Birtaniya M.I.A. ta sabunta ta a faifanta Kala a 2007, fim ɗin barkwanci na Adam Sandler, You Don't Mess with the Zohan, ya yi amfani da ita a 2008, a shekarar kuma bidiyon wani lebura ɗan Tajikistan, Baimurat Allaberiyev, yana rera ta ya karaɗe intanet a Rasha.

Bappi Lahiri ya rasu a Mumbai, wato Bombay ta dā, ranar 15 ga Fabrairun 2022 yana da shekara 69. Watanni kaɗan bayan haka, mutanen ƙasar Sin da dokar kullen korona ta ƙuntata wa suka riƙa ɗora bidiyo a manhajar Douyin suna rawa da “Jimmy Jimmy” riƙe da kwanoni wayam, domin a kunnensu amshin ya yi kama da roƙon shinkafa a harshensu. Mithun kuwa, wanda har yanzu ake kiran sa Jimmy a Rasha da ƙasashen Asiya ta Tsakiya, ya karɓi lambar Dadasaheb Phalke a 2024, wadda ita ce mafi girma da gwamnatin Indiya ke bai wa ɗan fim.