Asalin Jinginar Gida a Nijeriya, Daga Zauren Alƙali Zuwa Teburin Gwamna

Tun kafin a san banki a ƙasar Hausa mutanenmu sun san jingina, sun kuma san hukuncinta, domin babu ɗalibin da zai sauke Risala ta Ibnu Abi Zaidin, balle ya kai ga Muhtasar na Shehu Halilu, face ya ratsa babin rahani, watau jingina. Asalinta yana cikin aya ta 283 ta Suratul Baƙara, kuma ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wafati alhali sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude, saboda sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Fuƙaha'un Malikiyya sun sharɗanta cewa jingina ba ta cika sai mai bin bashi ya karɓi abin a hannunsa, shaidu suna gani da idanunsu. In kuwa wa'adi ya cika ba a biya ba, abin bai zama mallakarsa ba, sai dai alƙali ya sa a sayar, a ba shi haƙƙinsa, a mayar wa mai kaya da abin da ya yi saura.

A karkara gona aka fi jinginarwa. Manomi, in haraji ya matsa ko aurar da 'ya ya taso, yakan miƙa gonarsa ga mai hali, shi kuwa ya yi ta nomanta har ranar da aka fanshe ta, ko da magada ne za su fansa bayan shekaru, al'adar da malamai da yawa suka ƙyamata, saboda rancen da ya jawo wa mai shi amfani yana cikin babin riba. Amma abin lura shi ne, mutum yana jinginar da abin da ya riga ya mallaka ne domin ya kau da wata lalura. Ba a ji wanda ya ci bashin shekara ashirin domin ya sayi gida ba, tun da fili na hannun dagaci da mai unguwa, ƙasar gini tana kududdufi, magina kuma maƙwabta ne.

Turawa ne suka shigar da takarda cikin sha'anin. Bayan wani kwamiti da ya zauna a Landan a 1908, zamanin Gwamna Girouard, an yi shelar dokar ƙasa ta 1910, wadda ta sanya dukkan filayen Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, shi ke ba da izinin zama na ƙayyadaddun shekaru, da takardar shaida a kansa. Kamfanonin Turawa da fataken Sham su suka fi riƙe irin wannan takarda, mutanen cikin birni kuwa suka ci gaba da saye da sayarwa da rabon gado a gaban alƙali da shaidu, kamar yadda suka tarar. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta dokar a 1962, sa'an nan a watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ɗauki wannan tsari na Arewa ta shimfiɗa shi a kan ƙasar baki ɗaya, ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamnanta, aka kuma cusa dokar cikin tsarin mulki domin kada gyara ta ya yi sauƙi.

A sashe na 22 na dokar nan ƙullin yake, inda aka haramta wa mai riƙe da takardar gwamna ya sayar, ko ya jinginar, ko ya sauya hannu, sai da amincewar gwamna. A 1989 Kotun Ƙoli, cikin shari'ar bankin Savannah da Ajilo, ta yanke cewa jinginar da aka ƙulla ba da wannan amincewa ba ɓatacciya ce, ko da mai gidan ya mallake shi tun kafin a yi dokar. Watau wanda ya jinginar da gidan, wanda kuma shi ne ya kamata ya nemo amincewar, shi ya fake da rashinta ya hana a sayar da gidansa. Ni a ganina babu hukuncin da ya tsorata bankuna kamar wannan, domin daga ranar suka gane cewa ginin da ke tsaye, kome kyansa, ba ya lamunce musu kome sai sa hannun gwamna ya bi bayansa, sa hannun da neman sa kan ci watanni masu yawa da kuɗi masu nauyi.

Ta fuskar masu ba da rancen kuwa, an fara ne da wata ƙungiyar ba da bashin gini da aka kafa a Legas a 1956, wadda gwamnatin tarayya ta karɓe daga baya ta mai da ita Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya a 1977. A 1989 aka halatta kafa ƙananan bankunan jingina, a 1992 kuma aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, aka wajabta wa ma'aikaci zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa, bisa alkawarin zai iya karɓar rance a kan ruwa mai sauƙi, ya biya cikin shekaru masu yawa. Niyyar kyakkyawa ce, sai dai sharuɗɗan sun zaɓi mutanensu: ana son takardar mallaka, da zanen gini mai izini, da shaidar albashi, da shekarun aiki da suka rage kafin ritaya. Ɗan kasuwar Kantin Kwari a Kano wanda ke juya dukiya mai yawa, amma gidansa na gado ne a cikin badala, shaidarsa kuma rubutun alƙali da sanin mai unguwa, ba shi da ƙofar shiga.

Wanda ya cika sharuɗɗan ma, in Musulmi ne mai taka-tsantsan, yakan tsaya a bakin ƙofa saboda kuɗin ruwa, ko da kaɗan ne. Wannan matsala ba ta sami mafita a hukumance ba sai da Babban Banki, zamanin Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya fitar da ƙa'idodin banki marar ruwa a 2011, bankin Jaiz kuma ya buɗe a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano. Aka dawo da mu'amalolin da ke cikin littattafan fiƙihu: murabaha, inda banki ke sayen gida ya sayar wa mabuƙaci da ribar da aka sani tun farko, da ijara wadda ke ƙarewa da mallaka, da musharaka, inda rabon banki ke raguwa gwargwadon biyan mai gida. Sai dai su ma waɗannan bankuna dokar 1978 ta ɗaure su, kuma su ma takardar gwamna suke tambaya.

Saboda haka mafi yawan gidajenmu har yau da adashi da tarin shekaru ake gina su, a sayi fili bana, a zuba harsashi baɗi, a yi rufi in hali ya samu, mai gidan haya kuma, da ya rasa rancen banki, sai ya nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu gaba ɗaya, har ya zamana ɗan haya, wanda shi ne mafi rauni, shi ke ranta wa mai gida jari. Ina roƙon gwamnonin jihohinmu, tun da amanar ƙasa a wuyansu doka ta rataya ta, su rage kuɗin rajista, su ƙayyade kwanakin da amincewarsu za ta fita, su kuma buɗe hanyar da rubutun alƙali a kan gidan gado zai zama takardar da banki zai karɓa.