Ruwan Gishiri da Sukari: Tarihin Maganin Zawon Yara da Matsalar Isar da Shi ga Uwaye

1.0 Gabatarwa

Zawo yana cikin larurorin da kan far wa ƙananan yara ba zato ba tsammani. Abin da ke kisa a cikinsa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki: idanu su faɗa, maɗiga ta lotsa, baki ya bushe, fitsari ya ɗauke, kuma jariri yana iya cikawa cikin kwana ɗaya ko biyu. An ƙiyasta cewa a 1980 zawo yana halaka yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 4.6 a kowace shekara. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka samo maganinsa mafi sauƙi, ta kuma nuna cewa maganin bai yi tasiri ba sai da aka zuba shi cikin harshe da ma'aunin da uwaye suka sani.

2.0 Daga Ƙarin Ruwa Zuwa Shan Ruwa

Tun a annobar kwalara ta 1832 wani likita a Sikotilan, Thomas Latta, ya gwada ɗura ruwan gishiri ta jijiya. Wannan ne asalin ƙarin ruwa, kuma shi aka dogara da shi daga baya, duk da cewa yana buƙatar asibiti da allura da ƙwararre, abubuwan da ƙauye ba shi da su. A 1960 Robert Crane ya bayyana cewa hanji yana tsotse gishiri tare da gulukos, ruwa kuwa yana bin gishirin. Daga bisani aka gane cewa kwalara ba ta toshe wannan hanya. A 1968 David Nalin da Richard Cash suka tabbatar a Daka cewa shan wannan haɗi yana rage buƙatar ƙarin ruwa da kusan kashi 80 cikin ɗari.

Babban gwaji ya zo a 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash. Kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan jijiya kuma ya ƙare. Dakta Dilip Mahalanabis ya sa aka dama haɗin a cikin duro, dangin marasa lafiya suna ɗiba suna shayarwa. Mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 zuwa ƙasa da kashi 4 cikin ɗari.

3.0 Ma'auni da Suna

A nan ne batun ya shafi masu nazarin harshe. Daga 1980 zuwa 1990 ƙungiyar BRAC ta aika mata gida-gida a ƙauyukan Bangaladash, suka koya wa uwaye kimanin miliyan 12 haɗa maganin. Ba su ambaci giram ba. Cewa suka yi a ɗebi gishiri da yatsu uku, da mazarƙwaila cikin tafin hannu, a zuba cikin rabin lita ta ruwa. Albashin masu koyarwar ma ya danganta da yadda uwar ta riƙe darasin bayan tafiyarsu.

Duk da haka, amfani da maganin bai kai yadda aka zata ba. Da aka bincika, sai aka tarar mutanen karkara suna da sunaye huɗu na zawo, akwai wanda ake danganta shi da nonon uwa, da na ɓacin ciki, da na atuni, da kuma mai tsanani irin na kwalara. Kalmar da masu koyarwa suka yi ta amfani da ita ta wannan na ƙarshe ce, saboda haka uwa ba ta ga dalilin dama maganin ba idan ɗayan ukun ne ya kama ɗanta. Dole aka sake tsara saƙon ya ambaci kowane da sunansa. Wato dai likitoci sun ɗauka cuta ɗaya suke magana a kai, alhali harshen jama'a ya riga ya raba ta gida huɗu.

Nijeriya ta ƙaddamar da nata shirin a 1985, shekarar da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya zama Ministan Lafiya. Ma'aunin da aka yaɗa a lokacin shi ne ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, da goma na sukari ko ƙwaya biyar, cikin ruwa cikin kwalbar giya ɗaya ko kwalaben lemo biyu. Ba sai an faɗa ba, kwalbar giya ba ma'auni ba ce a gidan Bahaushe. Ta lemo ce ta yi aiki. Shi ma cokalin ba girmansa ɗaya ba ne daga gida zuwa gida, gishiri kuwa idan ya yi yawa yana iya cutar da jariri. Wannan na cikin abin da ya sa aka fi karkata ga ƙunshin da aka riga aka auna, wanda ake damawa bisa umarnin da ke jikinsa. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar haɗi mai ƙarancin gishiri da gulukos, tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, a kuma ci gaba da ba da nono. Yaron da ya kasa sha ko ya fara kashin jini, asibiti za a kai shi nan take.

Matsalar suna tana nan a Hausa ma. Ana cewa zawo, ana cewa gudawa, akwai atuni, akwai kuma zawon haƙori, wanda uwaye da yawa kan ɗauka hanya ce da kowane yaro zai bi. Lotsewar maɗiga ma akan ɗauke ta cuta mai zaman kanta, a nemi abin shafawa a ka, alhali ruwan jikin jaririn ne ya ƙare.